Ƙaramar na'urar MRI da ɓeran gwaji: araha ba ita ce hujja ba

Fiye da shekara 40 ke nan masu ƙera na'urar MRI, wadda ke ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, suna tsere a kan abu guda: wa zai fi wani ƙarfin maganaɗisu. Da tesla ake auna wannan ƙarfi, kuma asibitoci sun fi zama a tesla 1.5 da tesla 3. Ɗakunan binciken da ke aiki da ɓeraye kuwa sun daɗe da wuce nan. Tesla 7, 9.4 da 11.7 su ne na yau da kullum a wurinsu, har ma a Tallahassee ta jihar Fulorida akwai mai tesla 21.1 da ake shigar da ɓera cikinta. Ana cikin wannan tsere sai wasu 'yan tsirarun masana suka juya suka nufi ƙasa. A cibiyar Martinos ta babban asibitin Massachusetts da ke Boston, ƙungiyar Matthew Rosen tana ɗaukar hoto da militesla 6.5, wato tesla 0.0065, ƙarfin da bai wuce na maganaɗisun da ake mannawa a ƙofar firji ba. Na'ura mai tesla 9.4 ta ninka shi kusan sau 1,450.

Ina cikin masu ganin ya dace a zuba kuɗi a wannan aiki. Sai dai hujjar da aka fi ɗagawa wajen tallarsa, wato araha, ita ce mafi rauni idan dabbobin gwaji ake magana, kuma in aka bar ta ta ja ragama, ɓerayen da ake cewa za a sauƙaƙa wa su ne za su ji a jikinsu.

Sai an san inda sigina yake fitowa kafin a gane girman abin da aka sadaukar. Jikin ɓera, kamar namu, yawancinsa ruwa ne, kuma kowace ƙwayar haidirojin da ke cikin ruwan tana ɗauke da furoton, wanda shi kansa ɗan mitsitsin maganaɗisu ne. In aka saka jiki cikin babban maganaɗisu, wasu furoton su bi layinsa, wasu su juya masa baya, kuma kusan kunnen doki suke yi. Ka ɗauka zaɓe ake yi. A tesla 1.5, cikin kowace ƙuri'a miliyan 1 tazarar da ke tsakanin ɓangarorin biyu ba ta wuce 5 ba, kuma wannan 'yar tazarar ita ce duk abin da na'urar ke iya ji. A tesla 9.4 tazarar ta kai wajen 30. A militesla 6.5 sai ka tara ƙuri'a miliyan 100 kafin ka samu tazarar 2. Asarar ba ta tsaya nan ba. Furoton yana juyi sau miliyan 42.6 a daƙiƙa ga kowace tesla, don haka a tesla 9.4 mitarsa, wato saurin juyinsa, megahaz 400 ce (juyi miliyan 400 a daƙiƙa), a militesla 6.5 kuwa kilohaz 276 kacal (juyi dubu 276). Juyin da ya yi sanyi haka ɗan lantarki kaɗan yake haifarwa a naɗin wayar da ke saurare, har hayaniyar wayar kanta da ta kayan lantarkin da ke ɗakin suna iya danne shi.

Yanzu a kawo ɓera. Ƙaramin ɓeran gwaji nauyinsa kamar giram 25 ne, ƙwaƙwalwarsa ba ta kai rabin giram ba, faɗinta wajen santimita 1, zuciyarsa na bugawa sau 500 zuwa 600 a minti. Babbar na'ura tana yanka wannan ƙwaƙwalwa zuwa ɗigo-ɗigo masu faɗin kashi 1 cikin 10 na milimita. Ƙaramar na'ura ɗigonta milimita 1 ne ko 2. Da ɗigo mai milimita 2, ɗigo 5 ne za su ratsa ƙwaƙwalwar daga kunne zuwa kunne. In ka ce bari ka rage ɗigon da rabi ta kowane ɓangare, siginarsa ta ragu sau 8, kuma kafin ka maido da ita sai ka ninka lokacin ɗauka sau 64. Hoton minti 10 ya koma na fiye da awa 10. Babu ɓeran da zai jure wannan a ƙarƙashin maganin sa barci.

To ina arahar take? Gaskiya ne babbar na'ura tana cin kuɗi. Ƙiyasin da aka saba yi a fagen shi ne dala miliyan 1 ga kowace tesla, ban da ginin ɗaki da kwangilar gyara. Wayarta sai an sanyaya ta da ruwan hiliyom zuwa digiri 269 ƙasa da sifili, kuma hiliyom daga ƙasashe kaɗan yake fitowa, Amurka da Katar da Aljeriya da Rasha, shi ya sa duk lokacin da wata masana'anta ta tsaya sai farashi ya tashi. Ga ɗan Adam wannan hujja tana da ƙarfi sosai. A 2020 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na'urar Swoop ta kamfanin Hyperfine, mai tesla 0.064, wadda ake turawa har bakin gadon marar lafiya. A 2024 ƙungiyar Ed Wu ta Jami'ar Hong Kong ta nuna na'urar ɗaukar jiki gaba ɗaya mai tesla 0.05 da ake jonawa a soket na bango. Kan mutum babba ne, ɗigon milimita 2 ya isa a ga ruwa ya taru ko jini ya zuba, kuma ga wanda ba shi da wata na'ura kusa, hoto mai dishi-dishi ya fi babu nesa ba kusa ba.

Mai bincike da ɓera ba a wannan hali yake ba. Ba wanda zai mutu in bai ɗauki hoton yau ba, kuma in hoton bai amsa tambayarsa ba, to bai fi babu ba, ya ma fi babu muni, tunda an wahalar da dabba a banza. Hujjar hiliyom ɗin ma tana zaizayewa. Tun 2018 Philips ke sayar da na'urar asibiti da aka rufe da lita 7 ta hiliyom maimakon wajen lita 1,500, kuma akwai na'urorin ɓeraye masu tesla 3 zuwa 7 da ba a ƙara musu hiliyom, da masu tesla 1 na maganaɗisun dindindin da ake ajiyewa a lungun ɗaki. Wanda siffar ƙwaƙwalwar ɓera yake son gani da ɗan kuɗi, can ya kamata ya nufa. Araha ba ta ado.

Dalilina na goyon baya daga wani wuri ya fito. Hoton sinadarai a jiki mai rai ba ya tambayar yadda gaɓa take a siffa. Tambayarsa ita ce me ke gudana a ciki: nawa ne oksijin a tsakiyar curin ciwon kansa, ina maganin da aka yi allurarsa ya tafi, da wane sauri nama yake ƙona sukari. Sarkin wannan fage har gobe na'urar PET ce, wadda ke bin sawun sinadarin da aka yi wa jiki allurarsa, domin tana gano sinadari komai ƙanƙantarsa, inda MRI ta yau da kullum sai an tara mata ninki dubbai kafin ta gani. Amma PET tana buƙatar sinadari mai tururin nukiliya, wanda aka fi amfani da shi rabinsa yake lalacewa cikin minti 110, sai da injin saikulotiron da ke samar da shi a kusa, kuma in ana maimaita wa ɓera allurar mako-mako, shi kansa tururin yana iya taɓa abin da ake aunawa. Akwai gurbi a nan, kuma akwai abubuwan da rage ƙarfin maganaɗisu ne kaɗai ke buɗe ƙofarsu.

Wanda ya fi burge ni shi ne wanda ke ɗauke da sunan Albert Overhauser. A 1953, yana matashi, ya ce za a iya aro ƙarfin ilektron a ba furoton. Manyan fagen na lokacin sun yi shakka, sai Thomas Carver da Charles Slichter suka tabbatar da maganar a gwaji cikin shekarar. Ilektron ya fi furoton ƙarfin maganaɗisu wajen sau 660. A yawancin sinadarai ilektron biyu-biyu suke, suna soke juna, amma akwai masu ɗauke da gwauron ilektron. In aka yi wa dabba allurar irin wannan sinadari, aka buga wa gwauron igiyar rediyo daidai mitarsa, sai ya miƙa ƙarfinsa ga furoton na ruwan da ke kewaye da shi, siginar wurin ta ninka sau gommai. A nan gizo ke saƙa: mitar ilektron gigahaz 28 ce ga kowace tesla. A tesla 9.4 ta haura gigahaz 260, igiyar da ba ta wuce fata, sai dai ta gasa ta. A militesla 6.5 ba ta kai megahaz 200 ba, tana ratsa jikin ɓera. Komai kuɗin da ka kashe a kan babbar na'ura ba za ta yi maka wannan aiki kai tsaye ba.

Kuma ba mafarki ba ne. David Lurie na Jami'ar Aberdeen a Sikotland ya fara ɗaukar irin wannan hoto tun 1988. (Abin sha'awa, a Aberdeen ɗin ne a 1980 ƙungiyar John Mallard ta ɗauki hoton MRI na jikin marar lafiya da ya fara amfanar likitoci, kuma na'urarsu tesla 0.04 ce. Ƙasa aka faro.) A 2002 Murali Krishna da abokan aikinsa na cibiyar binciken kansa ta Amurka suka auna oksijin a curin kansar ɓera da na'ura mai militesla 15. Dabarar ita ce oksijin shi ma yana da gwagwaren ilektron, yana dagula wa sinadarin da aka saka lissafi, don haka inda oksijin ya yi yawa ninkin sigina sai ya ragu, inda ya yi ƙaranci ya ƙaru. Daga nan ake zana taswira. Amfaninta ba ƙarami ba ne, domin tun shekarun 1950 aka san sashen kansar da ba ya samun oksijin yana jure wa gashin da likitoci ke yi masa da tururi, har yakan buƙaci kusan ninki 3 na tururin kafin ya mutu. Mai gwada maganin da zai buɗe wa curi hanyar jini kafin a gasa shi yana son sanin ranar da oksijin ya ƙaru, a cikin ɓera ɗaya, ba tare da ya yanka shi ba. Wannan taswira ko da ɗigonta milimita 2 ne ta biya.

Za a ce ai wannan dabara da wuya ta isa ga ɗan Adam, saboda igiyar tana ɗumama nama kuma jikin mutum ya yi kauri. Haka ne. Ni ban ga aibu a nan ba. Madubin ƙara girma ma ba a saka mutum a ƙarƙashinsa, amma ba wanda ya ce a daina saye. Kayan awo ne na fahimtar cuta, kuma ƙanƙantar ɓera, wadda ta zame wa ƙaramar na'ura cikas wajen siffa, a nan ita ce ta ba ta dama.

Sai ƙwayoyin ƙarfe. Ana yin su mitsi-mitsi, a lulluɓe su da wani abu mai kama da sukari, a yi allurarsu a jijiya. Ɗaya daga cikinsu, ferumoxytol, tun 2009 ake ba masu ciwon ƙoda da ke fama da ƙarancin jini a Amurka. A babbar na'ura waɗannan ƙwayoyi baƙin tabo suke bari, su kashe siginar wurin da kewayensa, kuma baƙi a hoton MRI yana iya zama iska, ko ƙashi, ko tsohon jini. A ƙaramar na'ura ana iya sa su haska fari a kan jikin da ba ya ba da sigina sosai. David Waddington da Zdenka Kuncic na Jami'ar Sidni tare da Rosen sun nuna haka a manyan ɓeraye a 2020, a militesla 6.5. Aiki ne mai kyau, amma kada a kai shi inda bai kai ba. Ganin ƙarfe ya taru a hanta daban, kama wani furotin a bayan ƙwayar kansa daban. Hanta da saifa ne ke kwashe mafi yawan irin waɗannan ƙwayoyi, kuma wani nazari da ƙungiyar Warren Chan ta Jami'ar Toronto ta yi a 2016 a kan ayyukan shekara 10 ya samu cewa matsakaicin abin da ke isa curin kansa kashi 0.7 cikin 100 ne na abin da aka saka. Wannan matsala ta masu haɗa sinadari ce, kuma ba maganaɗisun da zai warware ta, babba ko ƙarami.

Akwai kuma wurin da masu talla sukan yi saurin wucewa. Ana iya ɗura wa sinadari ƙarfin maganaɗisu a wajen jiki kafin a yi allurarsa. Jan Henrik Ardenkjær-Larsen da abokansa sun nuna ninki fiye da 10,000 a 2003, a 2009 kuma ƙungiyar Simon Duckett ta Jami'ar York ta fito da hanya mai sauƙi ta amfani da wani nau'in iskar haidirojin. Tunda daga waje aka kawo ƙarfin, ba babbar na'ura ce ta samar da shi ba, sai a ce to ƙarama ma ta isa. Rabin gaskiya ke nan. Amfanin da aka fi yi da wannan hanya shi ne a saka sinadarin fairubet, wanda jiki ke samarwa in yana sarrafa sukari, a ga saurin da curin kansa ke mayar da shi wani sinadari mai suna laktet, kuma ana bambanta su ne ta ɗan bambancin mitarsu. A tesla 9.4 tazararsu wajen haz 1,200 ce. A militesla 6.5 ba ta kai haz 1 ba. Sigina za ta zo da ƙarfi, amma ta waye? Ana neman dabarun kauce wa wannan, sai dai wanda tambayarsa ta dogara ga raba sinadari da ɗan'uwansa, yau babbar na'ura ce tasa.

Maganar da ta shafi kowa, har wanda bai taɓa shiga ɗakin bincike ba, ita ce ta dabbobin. Da kuɗin jama'a ake yawancin wannan aiki, kuma da sunan lafiyar jama'a ake yanka su. A 1959 William Russell da Rex Burch suka shimfiɗa ƙa'idojin da dokokin ƙasashe da yawa suka ginu a kai, har da dokar Tarayyar Turai ta 2010: a maye gurbin dabba in da hali, a rage adadi, a sassauta wahala. Ɗaukar hoto yana taimakawa wajen rage adadi ta hanya mai sauƙin ganewa. A ce kana son bin cuta a matakai 5, ɓera 10 a kowane mataki. In yanka za ka yi, 50 kake buƙata. In hoto ne, 10 sun isa, kuma kowane ɓera da kansa ake kwatanta shi, abin da ke rage ruɗanin bambancin wannan da wancan.

Ƙaramar na'ura tana da nata alherin a nan. Babbar tana ƙara mai haura desibel 100, ita kuwa kusan shiru take. Ba ta fizgar ƙarfe, don haka famfon allura da injin numfashi da wayoyin awo suna iya zama kusa da dabbar. Ana iya shigar da ita cikin killataccen ɗakin da ake ajiye dabbobi masu cuta mai yaɗuwa, inda in an fitar da ɓera sau da yawa ba a yarda a maido shi.

Amma wuƙar baki biyu gare ta. Raunin sigina yana nufin doguwar ɗauka, doguwar ɗauka tana nufin ɓera ya daɗe yana shaƙar iskar sa barci. Jikinsa ƙarami ne, yana saurin yin sanyi, sai an kwantar da shi a kan shimfiɗa mai ɗumi, an shafa masa man ido don kada idanunsa su bushe, wani yana zaune yana kallon layin numfashinsa a allo. Maganin barcin kansa yana canza gudun jini da yawan oksijin, wato abin da aka zo aunawa. Sannan ga lissafin da ba ya yafiya: in warwatsuwar awonka ta ninka sau 2, adadin dabbobin da kake buƙata don ka ga bambanci ɗaya ya ninka sau 4. Ɓera 10 ɗin nan sun koma 40. Wanda ya sayi na'ura don tana da araha, ya ɗora mata tambayar da ta fi ƙarfinta, ya mayar da kuɗin da ya rage zuwa kejin ɓeraye bai sani ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maganin da ake kawo wa wannan rauni, wato ƙirƙirarriyar basira. Ana koya wa kwamfuta dubban hotuna masu kyau, sai a ba ta mai dishi-dishi ta gyara shi. Wajen cire hayaniyar lantarkin ɗaki, inda ake auna hayaniyar da wasu wayoyi dabam a debe ta, ba ni da ja. Amma tsarin da ke ƙara wa hoto kaifi bisa abin da ya saba gani, cike gurbi yake yi da zato. Ya koyi yadda hanta ta saba kasancewa, to zai zana hanta yadda ta saba kasancewa. Shi kuwa mai bincike abin da ba a saba gani ba ya fito nema. A hoton sinadarai hasken kowane ɗigo lamba ce, ita za a saka a jadawali, a kanta za a ce magani ya yi aiki ko bai yi ba. In kwamfuta ta ɗan goge wani ɗigo don bai yi kama da abin da ta sani ba, ko ta ƙara wa wani haske, ba mai ganewa da ido, kuma hoton zai fi na gaskiyar kyau a shafin mujalla. Daga nan wani ɗakin binciken ya ɗauki sakamakon, ya sayi ɓeraye 100, ya shekara 2 yana bin abin da babu shi.

Shi ya sa nake ganin masu ba da tallafin bincike da kwamitocin da ke ba da izinin gwaji da dabbobi su daina tambayar tesla nawa, ko don su yaba ko don su raina. Raini ma yana nan, domin akwai masu duba takardun neman tallafi da suke ganin militesla sai su ajiye takarda. Tambayar da ta dace ita ce: me za a auna, kuma an nuna na'urar tana auna shi daidai? Wannan ana fara nuna shi ba da dabba ba, da kwalaben gwaji da aka san adadin sinadarin da ke cikinsu, a ɗauka yau, a ɗauka gobe, a aika wa wani ɗakin binciken shi ma ya ɗauka da tasa na'urar. Da yake yawancin waɗannan na'urori haɗin hannu ne, kowane ɗaki da irin tasa, wannan mataki ba na tsallakewa ba ne. Bayan nan a kwatanta da awon da aka yarda da shi, kamar allurar awon oksijin ko yankan nama, a 'yan dabbobi kaɗan. Irin wannan aiki ba ya kawo suna, mujallu ba sa rububinsa, ɗalibin digiri na uku ba ya son ya ƙare shekarunsa a kansa, saboda haka in ba a ware masa kuɗi da gangan ba, ba mai yi. Duk takardar da ta yi amfani da ƙirƙirarriyar basira kuma a wajabta mata ajiye ɗanyun bayanan da na'ura ta ɗauko inda kowa zai iya saukewa, ta buga hoton kafin gyara a gefen na bayan gyara, ta faɗi a fili daga wanne cikin biyun aka ciro lambobin da ke jadawalinta.